Girbin 2010 a Bordo: baurin da bai gama kwanciya ba

Fiye da shekara goma ke nan da aka tsinke inabin 2010 a gonakin Pomerol da Saint-Émilion, a yankin Bordo na ƙasar Faransa, amma masana jar giyar inabi ba su rufe muhawara a kansa ba. Kowa ya yarda shekara ce ta musamman. Inda aka rabu shi ne ko baurinta zai yi laushi kafin ƙamshin 'ya'yan itacen ya gushe.

Baurin nan daga sinadarin tanin yake fitowa, wanda ke cikin fata da ƙwayar inabi. Danginsa ne ke kama harshe in an tauna goro, shi ne kuma majema ke nema a jikin bagaruwa. A giya, shi ke ba ta tsawon rai, in kuma ya yi yawa sai ya bar baki a bushe.

An san inabin Merlot da laushi da saurin nuna, shi ya sa ya fi kowane iri yawa a gonakin Bordo. A 2010 yanayi ya sauya masa hali. Furen ya sha wahala a watan Yuni, amfani ya ragu. Bazara ta zo da fari, darare kuma da sanyi, sai 'ya'yan suka fito ƙanana masu kaurin fata. Abin da aka samu giya ce mai duhu, mai tsami da bauri, wadda ƙarfin barasarta ya haura kashi 14 cikin 100 a gidaje da dama.

Inda ƙasa ke riƙe ruwa aka fi dacewa. Petrus, gonar da ba ta kai hekta 12 ba a kan yumɓun Pomerol, ta samu maki 100 daga Ba'amurken masharhanci Robert Parker. Gidajen da suka gauraya Cabernet Franc su ma sun samu daidaito. Waɗanda suka jinkirta girbi, suka matse fatar fiye da kima, suka kuma dulmuya giyar cikin sababbin gangunan katako, su ne ake kuka da su: zafi a maƙogwaro, bushewa a ƙarshe. Idan aka jera ta da ta 2009, wadda ta fi zaƙi da sauƙin sha, ta 2010 ta fi tsari, ta kuma fi neman haƙuri.

Haƙurin yana da tsada. An sayar da girbin tun yana cikin ganga a 2011, kan farashin da ba a taɓa gani ba, lokacin da masu saye daga Sin suka cika kasuwa. A cikin shekarar farashi ya fara faɗuwa, wasu suka daɗe ba su mai da uwar kuɗinsu ba.

Manoman kuwa damuwarsu ta wuce kwalba. Zafi na ƙaruwa, Merlot na tara sukari da wuri. A 2021 hukumomin Faransa suka amince da sababbin iri shida, ciki har da Marselan da Touriga Nacional, a kan kada su wuce kashi 10 cikin 100 na gaurayen. Girbin 2010 na cikin shekarun da suka nuna dalilin wannan mataki.