Tsohon gidan gwamna na Lome ya buɗe ƙofofinsa ga kowa

Mutanen Madawa da Buza da Keita ba baƙi ba ne a birnin Lome. Tun kaka da kakanni samarin Adar suke tafiya bida kurmi da zarar an gama aikin gona, fatakenmu kuma sun san tashar jiragen ruwa ta Lome kamar yadda suka san kasuwar garinsu. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa shiga wani babban gida da ke fuskantar teku a cikin birnin, wanda ake kira Fadar Lome. Gidan ya cancanci ziyara, tarihinsa kuma yana da abin da zai koya mana.

Wanda ya gina shi da dalilin gina shi

A shekarar 1884 ne ƙasar Togo ta shiga hannun Jamusawa. A 1897 suka mayar da Lome babban birninsu. Shekara guda bayan haka, a zamanin gwamna August Köhler, aka fara aikin gidan, ba a gama ba sai 1905. Shi kansa Köhler bai ga ƙarshen aikin ba, don ya rasu a 1902.

Da gangan aka zaɓi bakin teku. A wancan zamani duk baƙon da zai zo Togo daga Turai ta jirgin ruwa yake zuwa. Jamusawa suna so tun daga nesa mutanen jirgi su hango gidan, su san ƙarfin mai mulkin ƙasar. Ɗan ƙasa kuwa, in ba aiki ya kai shi ba, sai dai ya hange shi daga waje. Dattawanmu da suka ji labarin aikin tilas daga bakin iyayensu sun san irin wannan mulki, gama a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba a soke aikin tilas ba sai a 1946.

Jamusawa ba su daɗe a cikinsa ba. A watan Agusta na 1914, farkon yaƙin duniya na ɗaya, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace Togo. Ingilishi suka riƙe Lome har 1920, sa'an nan gwamnonin Faransa suka zauna gidan har ranar 27 ga Afrilu 1960, da Togo ta sami mulkin kai. Daga nan ya zama fadar shugaban ƙasa, daga baya masaukin manyan baƙi, a 1991 kuma ma'aikatar faraminista. A ƙarshen wannan shekara rigimar siyasa ta kai ga sojoji suka kai wa gidan hari. Bayan haka aka watsar da shi shekara fiye da 20. Ruwan sama da iskar teku mai gishiri suka yi ta cin ginin, itatuwa da ciyawa suka rufe shi. Sai a 2014 gwamnatin Togo ta sa aka fara gyara, aka yi bikin buɗewa a watan Nuwamba na 2019.

Abin da mai ziyara zai gani

Kafin a kai ga ginin sai an ratsa lambu mai faɗin hekta wajen 10, wanda ya gangara wajen teku. A cikinsa akwai manyan itatuwa, waɗansu sun haura shekara 100. Mutumin Adar da ya san wahalar raya dashe guda a kan fako zai tsaya ya dube su da kyau.

Ginin kansa bene ne, da baranda masu faɗi da suka kewaye ɗakuna, da tsakar gida a cikinsa. Wanda ya lura zai gane dabarar maginan. A lokacin babu na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka suka yi rufi mai tsawo, suka bar ƙofofi da tagogi masu yawa don iskar teku ta ratsa, baranda kuma ta hana rana dukan bango. Maginanmu na gargajiya da katangarsu mai kauri da soronsu, zafi ɗaya suke yaƙi da shi, kowa da tasa hikima.

Ɗakunan da gwamnoni suka zauna yanzu wuraren nuni ne. Nuni na farko da aka yi bayan buɗewa a kan sarakunan Togo ne da kayan sarautarsu. Ana kuma nuna ayyukan masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto na Afirka. Ana kawo ƴan makaranta su ga inda aka mulki kakanninsu. Yaron da ya taka matakalar da ƙafarsa ba zai manta darasin ba, gama gani ya kori ji.

Mu fa, ina namu?

Akwai masu cewa gidan mai mulkin mallaka bai cancanci a kashe masa kuɗi ba. Mutanen Togo sun ga cewa in gidan ya rushe, shaidar abin da aka yi musu ta rushe tare da shi. Sun gyara shi, sun cika shi da kayan sarakunansu.

Ba mu da teku, amma muna da gine-ginen da duniya ta yaba. Masallacin Yama, a nan jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. A gundumominmu ma akwai fadojin sarakuna, da tsofaffin masallatai, da gine-ginen bariki na zamanin Turawa. Ginin siminti da ƙarfe ya jure sakaci na shekara 20 da ƙyar. Ginin ƙasa ba ya da wannan haƙuri: in aka bar shi babu yaɓe, damina kaɗan sun isa su kwantar da shi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin gundumomi da magadan gari da sarakuna su sa a ƙidaya tsofaffin gine-ginen da ke ƙasarsu, a san waɗanda ke bukatar yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ku kuma ƴan uwa da kuka sami takardar yaƙi da jahilci, ga aikin da karatunku zai yi wa garinku. Ku ɗauki littafi da alƙalami, ku je wurin dattawa, ku rubuta sunan wanda ya gina fada ko masallaci, da sarkin da aka yi aikin a zamaninsa, da abin da ya faru a ciki. Wanda kuma bida ta kai shi Lome, ya ware yini guda ya shiga gidan nan, ya komo ya ba mutanen garinsu labari. Allah shi ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bar mana.