AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Yaya Za A Ba Ƙudan Zuma Ruwa Ba Tare Da Sun Illata Kare Ba?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga ƙasar Zazzau ya aiko mana da takarda, inda ya ce ya kafa amya biyu a lambun bayan gidansa, yana kuma da karen gadi. To tun da zafi ya fara, ƙudan zuman sun mayar da kaskon ruwan karen mashayarsu, har sun harbe shi a hanci sau biyu, yanzu ma tsoron kusantar kaskon yake yi. Shi ne yake so a bayyana masa dalilin da ya sa suke haka, da kuma dabarar da zai yi ya tsira da zumarsa da karensa baki ɗaya.

AMSA: To Malam, madalla da wannan tambaya taka, don kuwa ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Amsar a taƙaice ita ce, ƙudan zuma ba makawa sai sun ɗebi ruwa, ko ka ba su ko ba ka ba su ba. Abin da ke hannunka kawai shi ne ka zaɓa musu inda za su ɗiba. In ba ka zaɓa musu ba, su za su zaɓar wa kansu, yau kaskon karenka, gobe kuma randar maƙwabcinka, daga nan sai rigima ta tashi.

Bari mu fara da dalilin wannan naci nasu a kan ruwa. Ba ƙishirwa kaɗai ke kai su ba. A tsakiyar amya, inda sarauniya ke zuba ƙwai ake renon 'ya'ya, wajibi ne zafi ya tsaya a wajejen digiri 34 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana. In ya zarce haka da yawa, 'ya'yan sai su lalace, saƙar ma ta yi laushi ta zube. Ka kuma san a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin arewa yakan wuce digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri. To abin da suke yi shi ne, wasu daga cikin ma'aikatan su tafi ɗebo ruwa, su kawo su miƙa wa na cikin gida, waɗannan kuma su yayyafa shi ɗigo-ɗigo a kan saƙa, wasu su tsaya suna fifita da fukafukai. Da ruwan ya bi iska sai ya tafi da zafin. Wato dai irin abin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan, raɓar da ke tsattsafowa ta bayanta ita ce ke bushewa tana janye zafin. Daɗin daɗawa, da ruwan ne suke tsinka zuma mai kauri kafin su ciyar da 'ya'yansu.

Wani masanin Jamus mai suna Martin Lindauer ya gwada wannan al'amari a shekarun 1950. Ya ajiye amya a tsakar rana a kan busasshen amon dutse kusa da garin Salerno na ƙasar Italiya, inda zafin ƙasa ya kai digiri 70. Muddin akwai ruwa kusa, sai zafin cikin amyar ya tsaya daram a digiri 35. Ka ga ke nan ruwa a wurinsu batun rai ne.

Kuma aikin ba ƙarami ba ne. Ƙuda ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ɗigo guda a sawu ɗaya, kimanin miligiram 40. Amya mai ƙarfi kuwa tana iya buƙatar lita ɗaya ko fiye a ranar zafi, wato sawu wajen 25,000 ke nan. Ba sa kuma tara ruwa su ajiye kamar yadda suke tara zuma, kullum sai an ɗebo sabo. Shi ya sa duk ruwan da ya fi kusa, wanda kuma ba ya yankewa, shi suke so. Sannan da hanci suke gano shi, don haka ruwan da ke da ɗan wari ko ɗanɗanon gishiri, kamar na kwata ko na kaskon kare mai yawu da ragowar abinci, ya fi jan su a kan ruwa garai. Da ɗaya ta same shi, sai ta koma gida ta yi rawar nan tasu da ke nuna wa 'yan uwanta hanya, rawar da malamin shi Lindauer, wato Karl von Frisch, ya fassara har ya sami lambar yabo ta Nobel a 1973. In kuma suka saba da wuri, raba su da shi sai an yi da gaske. Sabo, in ji Bahaushe, turken wawa.

To yanzu ga yadda za ka haɗa musu tasu mashayar. Ka sami kwatarniya ko tasa mai faɗi marar zurfi, ka cika ta da tsakuwa da duwatsu, ka zuba ruwa yadda kawunan duwatsun za su fito fili. Ƙudan zuma ba ya iyo, kuma ba ya shan ruwa yana tashi, sai ya sami wurin dafawa. In ya faɗa ruwa mai zurfi a mazubi mai santsi, nan zai mutu. Idan bokiti gare ka, sai ka zuba guntayen kara su yi yawo a sama, ko ka rataya tsumman buhu rabinsa a ciki rabinsa a waje, su riƙa tsotsa daga jikinsa. Wata dabarar da ta fi rage wahala ita ce ka huda jarka da allura ta ƙasa, ka ɗora ta a sama, ruwan ya riƙa ɗiga a kan katako mai gangara. A kwanakin farko kana iya sa ɗan gishiri, abin da yatsu biyu za su ɗauka a bokiti guda, don ya jawo hankalinsu.

Amma fa kada ka sa sukari ko zuma a cikin ruwan. Zaƙi yakan tara ƙudan wasu amyoyin da tururuwa da zanzaro, faɗa ya kaure a wurin, ga shi kuma zumar da ba ka san asalinta ba tana iya kawo wa amyarka cuta.

Sai batun inda za a ajiye. Ka ɗora mashayar a kan wani abu mai tsawo, kamar ganga ko ɗan gadon itace da ya kai ƙirjin mutum, inda kare ba zai kai baki ba. Wannan kuma zai kare su daga kwaɗi da kaji masu tsince su a ƙasa. Ka sa ta a inuwa, taku goma ko makamancin haka daga amya, ta ɓangaren da ba na cikin gida ba. Kada ka sa ta daidai ƙofar amya, domin a cikin tashi suke kashi, sai su ɓata ruwan. Abu mafi muhimmanci, kada ka yarda ta bushe ko da na wuni ɗaya ne, in ta bushe za su nemi wani wuri, su kuma riƙe shi. Duk bayan kwana biyu ko uku ka zubar da tsohon ruwan ka wanke mazubin, da asuba ko da magariba lokacin da ba sa fita, saboda a yanayin zafi sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin mako guda zuwa kwana goma. Wanda bai riga ya shiga matsala ba kuwa, ya kafa mashayar tun cikin hunturu, kafin ƙoramu su ƙafe, don su saba da ita tun da wuri.

Kai kuma da naka suka riga suka saba da kaskon kare, ga abin yi. Ka ɗauke kaskon ka wanke shi tas, ka mayar da shi cikin zaure ko wani ɗaki mai inuwa, domin ƙudan zuma ba su cika son shiga wuri mai duhu neman ruwa ba. Kada dai a bar karen da ƙishirwa, a riƙa sake masa ruwa mai tsabta kullum. Sa'an nan ka ajiye sabuwar mashayar a daidai gurbin da kaskon yake a da. Bayan kwana biyu, in ka ga sun karɓe ta, sai ka riƙa matsar da ita taku ɗaya ko biyu kowace rana, har ta isa inda kake so. Za su bi ta. A 'yan kwanakin nan ka hana karen zuwa wannan ɓangaren.

To amma Malam, akwai abin da ya kamata mu ja hankalinka a kai, wanda ya fi batun kasko girma. Ƙudan da ke bakin ruwa aikinsa ne a gabansa, ba ya harbi sai an taka shi ko an kai masa cafka, kuma halin kare ke nan, duk abin da ya gifta sai ya kai masa baki. Wannan harbi ɗaya ne ko biyu. Babban haɗarin yana wajen amyar kanta, inda suke tsaron gidansu. Ƙudan zuman ƙasashenmu na Afirka sun fi na Turai saurin fushi, sun fi fitowa da yawa, suna kuma bin abin da ya tsokane su da nisa. Alal misali, a 1956 wani masani mai suna Warwick Kerr ya kai danginsu daga kudanci da gabashin Afirka zuwa Brazil, a 1957 wasu suka kuɓuce suka bazu, har suka isa jihar Texas ta Amurka a 1990, zafin ransu kuma ya sa aka laƙaba musu sunan ƙudan zuma makasa. Saboda haka shawarar da aka rubuta don masu kiwon zuma a Turai, a nan sai an ƙara mata taka-tsantsan.

Idan ƙuda ya yi harbi, yakan bar wani ƙamshi mai kama da na ayaba a wurin, wanda ke kiran sauran su zo su harbi wuri ɗaya. Baƙin gashi da haushi da zabure-zabure duk suna ƙara tunzura su. Karen da yake sake zai ruga ya tsira da 'yan harbi kaɗan, amma wanda ke ɗaure ba shi da mafita. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa harbi kimanin 20 ga kowane kilo na nauyin dabba yana iya kisa, wato wajen 300 ga kare mai kilo 15, kuma amya guda tana da ƙuda dubbai. Don haka ko kusa kada ka ɗaure kare a kusa da amya, haka ma akuya ko tunkiya ko jaki a turke. Ka kewaye amyoyin da mashayarsu da zana ko darni ko katanga mai tsawon kamar mita biyu. Amfaninsa biyu ne: kare ba zai shiga ba, ƙudan kuma dole su tashi sama tun daga ƙofa, su wuce ta saman kawunan jama'a. Ranar da za ka ɗebi zuma da kashegarinta, ka kulle karen nesa, domin a lokacin ne suka fi fushi.

In kuma tsautsayi ya gifta aka harbe shi, ka nemi ƙarin ka cire nan take, da farce ko bayan wuƙa ko ma da yatsu. Ƙarin yana da ƙayoyi, yakan maƙale a fata tare da jakar dafin, ya ci gaba da tura dafi na ɗan lokaci. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1996 ya nuna cewa saurin cirewa shi ne magana, ba yadda aka cire ba. Sai ka wanke wurin, ka dafa masa tsumma mai ruwan sanyi ko ƙanƙara a cikin ƙyalle, ka kuma sa masa ido na wasu sa'o'i. Ɗan kumburi a wurin ba abin tsoro ba ne. Amma in ka ga fuska ko wuya na ta kumbura, ko numfashi na yi masa wuya, ko yana amai, ko dasashinsa ya yi fari, ko ya kasa tsayuwa, to garzaya da shi asibitin dabbobi ba tare da jira ba, don akwai karen da harbi ɗaya tak ke iya kayar da shi idan jininsa bai karɓi dafin ba. Haka nan idan harbin a cikin baki ne ko maƙogwaro, ko kuma harbin ya yi yawa, ko daga baya fitsarinsa ya koma ja ko baƙi, wannan alama ce dafin ya taɓa jini da ƙoda. Kada ka ba shi magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da paracetamol da ka, domin suna iya yi wa kare mummunar illa. Idan kuwa taron ƙudan ne suka far masa, ka lulluɓe kanka da fuskarka da bargo, ka kwance shi, ku shige ɗaki ka rufe ƙofa, kada ka tsaya kaɗe-kaɗe.

Daga ƙarshe, kada ka manta da maƙwabta. Yadda ƙudanka suka gano kaskon karenka, haka za su gano bakin famfo da randa da wurin wanke-wanken gidan da ke kusa, inda yara ke yawo ba takalmi. Da yawan amyoyin da ake ƙonawa ko a fesa musu maganin ƙwari, daga nan fitinar take farawa. Kwatarniya ɗaya da ba ta bushewa tana iya raba ka da wannan duka. Hausawa sun ce sai an sha harbi kan sha zuma, amma dai mai amyar ne ya ɗauki wannan alkawari, ba karensa ko ɗan maƙwabcinsa ba.

Da fatan Malam ya gamsu. Sauran masu sauraro kuma, muna nan muna jiran takardunku. A huta lafiya.