Indararo Da Sandar Ƙugiya: Nasiha Ga Masu Soraye Kafin Marka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya raya ƙasa da shi bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, mutanen Sakajiki da Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ku sani ruwan da manomi ke roƙo shi ne mai soro ke tsoro. Yawancin sorayen da ke faɗuwa da damina ba yawan ruwa ne ke kayar da su ba, rashin hanyar fitarsa ne. Hanyar nan kuwa ita ce indararo, wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, amma ran ɗaki duka yana rataye gare shi. Nufinmu yau mu bayyana yadda mutum zai share shi yana tsaye a ƙasa, da kayan da zai haɗa a gidansa, ba tare da ya kafa tsani ba.

Mu fara da yadda rufin soro yake. Magini yana jera azara ta giginya, ya shimfiɗa zana ko kara a bisanta, ya zuba ƙasa ya daɓe, sa'an nan ya shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Masu hali a da sukan sa laso, watau katsin marina da gashin majema da ruwan dafara. Yakan karkatar da rufin kaɗan wajen kusurwa guda, ya huda rawani, ya cusa indararo na yumɓu, ko na itace, ko na kwano, domin ruwa ya zuba nesa da bango. Rufin nan yana jure ruwan da ke wucewa, ba ya jure wanda ya kwanta.

Ga lissafi domin 'yan kasuwa. Ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, idan indararonsa ya toshe har ruwa ya kwanta a bisansa santimita 10, watau kusan faɗin tafin hannu, to ruwan nan lita 1,600 ne, durom 8 ke nan. Nauyinsa kilo 1,600, daidai da buhu 16 na hatsi. Wane mai hankali ne zai jibge buhu 16 a kan soronsa ya shiga ciki ya kwanta? Kuma ba nan ta tsaya ba. Ruwan yana ratsa daɓen, ƙasar rufi ta sha ta ƙara nauyi, kawunan azara su jiƙe a cikin bango, bangon ya yi laushi daidai inda yake ɗauke da kaya. Yoyon da aka tara wa kwarya yau, shi ne rugujewar gobe da tsakar dare, sa'ad da yara ke barci, allunan almajirai da littattafan gado suna jingine, buhunan gero da gyaɗa suna sito.

Abin da ke toshe indararo kuwa ƙanƙane ne. Akwai ƙurar hunturu da ta kwanta wata da watanni, da ganyen dogon yaro, da karan da iskar bazara ke kwasowa, da sheƙar gwara ko tantabara. Mafi sharri a zamanin nan ita ce leda, domin ganye yakan ruɓe, ita kuwa tana shimfiɗuwa a bakin rami kamar marfi, laka ta taru bayanta.

Mai tambaya zai ce, me ya hana a hau a cire da hannu? Amsa ita ce hawa da damina yana da illa uku. Ta farko ga mai hawan. Laka tana da santsi, rawanin da ya sha ruwa ba ya riƙe ƙafar tsani, kuma ya zo cikin hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito an hana mutum kwana a kan rufin da ba shi da kariya, domin kiyaye rai. A nan ina kira ga 'yan'uwana malaman allo. Almajiri amana ne, iyayensa karatu suka kawo shi. Kada rashin nauyinsa ya sa mu riƙa tura shi bisa soro cikin hadari, domin karayar ƙugu ba ta gyaruwa da cewa ba a yi nufi ba.

Illa ta biyu ga rufin kansa. Kowane sawu a kan jiƙaƙƙen daɓe rami ne da ruwa zai kwanta ciki, sai mutum ya hau domin gyaran wuri guda ya sauko ya bar goma. Rufin kwano ma haka, taku yana lanƙwasa shi, yana faɗaɗa ramin ƙusa.

Illa ta uku ga maƙwabci. Wanda ke kan soro yana ganin tsakar gida uku ko huɗu, da matan da ke daka, da bayan gida marar rufi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa, a kan ƙa'idar hana cuta da cutarwa, an hana mutum buɗe tagar da zai riƙa tsinkayar iyalin maƙwabcinsa. To, ina ga wanda ya tsaya tsaye a bisansu? Shi ya sa al'adarmu ta kafa cewa ba a hawa sai an aika yaro ya sanar, mata sun kimtsa. Amma hadari ba ya jiran aike. Sanda kuwa ba ta da ido.

Kada wani ya ce zancen indararo ya yi wa malamai ƙanƙanta. Ɗakin Ka'aba kansa yana da nasa, wanda ake kira Mizabur Rahma, yana zuba cikin Hijru Isma'ila, tun daga ginin da Ƙuraishawa suka yi suka rufa ɗakin, shekara 5 kafin aiko Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa Sayyidina Umar yana tafiya masallaci ran Juma'a, sai indararon gidan Abbas ya zubo masa ruwa gauraye da jinin 'yan tsakin da aka yanka, ya yi umurni aka cire shi. Da Abbas ya gaya masa Manzon Allah ne ya sa shi a wurin, sai Umar ya rantse lalle Abbas ya taka bayansa ya mayar da shi. A cikin wannan akwai haƙƙi biyu, na mai wucewa da na mai gida. Ibn Rami, maginin birnin Tunis na ƙarni na 8 bayan Hijira, ya tattara hukuncin irin waɗannan cikin littafinsa na hukunce-hukuncen gini. A ƙasarmu ma Alƙali Idrisu ɗan Halidu na Gwandu ya tara wa alƙalai hukunce-hukunce, ciki har da na gini da maƙwabtaka.

Yanzu ga kayan aiki, guda huɗu ne, dukansu ana samun abin haɗa su a kasuwar ƙauye.

Na farko, kuma shi ne uba, sandar ƙugiya. A nemi gora busasshiya ko gwangwala, mai kamu 7 ko 8, gwargwadon tsayin ɗaki. A je wa maƙeri da guntun rodi mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawon kamu biyu. Ya lanƙwasa shi kamar harafin lam da aka kifa, ɓangare ɗaya ya bi jikin gora, ɗayan ya miƙe ya fuskanci bakin indararo, sa'an nan ya naɗe kansa kaɗan kamar ƙugiyar guga. A ce masa ya dakushe tsinin, domin tsini yana fasa yumɓu yana huda kwano. A ɗaure ƙarfen da igiyar rama, a bi da robar tayar keke har ya daina juyawa. Mai aiki ya tsaya gefe, ba ƙarƙashin baki ba, ya zura ƙarfen a hankali, ya murɗa gorar, ya jawo waje. Asirin aikin ke nan, ja ake yi, ba a turawa, domin abin da aka tura rufi yake komawa, ruwan farko ya dawo da shi. Kada kuma a rataya nauyin sanda a kan indararo, don kada ya girgiza a gindinsa yaɓen ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ya fi ƙadangare sanin tsaga.

Na biyu, tsintsiya. Bayan ƙugiya ta fitar da manya, a ɗaura ɗan damin kaba ko tsumma a kan ƙarfen, a zura a jawo sau uku ko huɗu, ya kwaso yashi da ƙura. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a shekarar 1929 kwanon rufi yake ta yaɗuwa a ƙasar nan, har yau gidaje da shaguna da yawa suna da doguwar magudanar kwano da ke bin bakin rufi tana kai ruwa durom. Ita wannan a buɗe take ta sama, saboda haka ƙarfenta a lanƙwasa shi kamar wuyan raƙumi, ya haura gefenta ya leƙa ciki. A yanko ɓallen tsohuwar jarka daidai faɗin magudanar, a ɗaura a kansa, a riƙa jan shara zuwa ƙarshe guda. Roba ba ta kankare kwano, balle tsatsa ta samu ƙofa.

Na uku, madubi. A sami tsohon madubin babur, a ɗaura shi a karkace a kan wata sanda, a ɗaga daidai bakin indararo da hantsi. Wanda ya ga hasken sama ta cikin ramin ya san hanya ta buɗe. Wannan kuma shi ke nuna gidan rina ko maciji kafin a taɓa. Amma mai madubi ya ji tsoron Allah, ya juya fuskarsa wajen bangon kansa kaɗai.

Na huɗu, gwangwanin gwaji. A huda gwangwani a gefe biyu kusa da baki, a rataya shi a kan gora da waya, a ɗaura zare a gindinsa. A cika shi da ruwa, a ɗaga ya haura rawani kusa da indararo, a ja zaren ya tuntsure. Idan ruwa ya fito nan take, madalla. Idan ya jinkirta, ko ya biyo jikin bango, to akwai sauran aiki, ko kuwa yaɓen gindin indararo ya buɗe, a kira magini tun rana tana nan.

Akwai sharuɗɗa da ba a sakaci da su. Kada a ɗaga sanda mai ƙarfe kusa da wayar lantarki, ko da an ɗauke wuta, domin ba ta sallama in za ta dawo, jiƙaƙƙiyar gora kuma tana ɗaukar wuta. Kada a yi aikin ana walƙiya. A kawar da yara daga ƙarƙashi, mai aiki kuma ya sa malafa saboda ƙasa da kunama.

Sa'an nan a bi ruwan har inda ya ƙare. A ajiye dutse ko fasasshiyar tukunya inda yake sauka, don kada ya haƙa rami ya ci gindin bango. A zura sanda cikin rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida, a yashe kwata har bakin hanya. Ruwan da ya kwanta kwana 7 zuwa 10 ya isa ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo, zazzaɓinsa kuwa kun san abin da yake yi wa yara da masu ciki. Sharar da aka fitar a kai ta juji, kada a tara ta ƙofar maƙwabci. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin ruwan sama, wanda aka yi rangwame ya zuba hanya, da ruwan wanki da ƙazanta, wanda ba a yarda a cuci masu wucewa da shi ba. Kawar da abin cuta daga hanya kuwa yanki ne na imani, kamar yadda ya inganta cikin Sahihu Muslim.

Lokacin aikin shi ne ƙarshen bazara, cikin watan Mayu, kafin ruwan shuka, sai kuma bayan kowace iska mai ƙarfi. Idan marka ta kama cikin Agusta, a mayar da shi aikin mako. Ran Alhamis da makarantu ke hutu ta dace, malam ya tsaya da kansa, manyan almajirai su riƙe gora. Unguwa guda sanda guda ta isa, a jingine ta a zauren masallaci ko na mai unguwa, kowa ya ara ya mayar, a fara da gidajen gwauraye mata da tsofaffi da marayu. Maƙera kuma da masu sayar da gora, ga ciniki mai lada, ku ƙera ku kai kasuwa kafin damina.

Amma kada a ɗora wa sanda abin da ba nata ba. Ba ta yaɓe, ba ta canja azarar da gara ta ci. Wannan aikin magini ne, sau ɗaya a shekara, da rani, rufi yana bushe, bayan an sanar da maƙwabta. Wanda ya yi wannan da rani, ya riƙe ƙugiya da damina, ya ɗaure raƙuminsa, sai ya dogara ga Allah. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga rushewar gini da ambaliya, Ya zaunar da ƙasarmu ta Zamfara lafiya, manomi ya koma gonarsa, ɗan kasuwa ya bi hanyarsa cikin aminci. Allah Ya sa mu dace, amin. Haza wassalamu.