Uwargida, Kin San Ƙasar Tsakar Gidanki?

 Yau ba girki za mu yi ba, tsakar gida za mu fita, domin da rani ake gyara ta kafin ruwa ya sauka.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, asara na taɓa yi. Shekarar da aka kawo ni koyarwa nan Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, na so in dasa lemun tsami da zogale a bayan ɗakina. Da na ga ƙasar gidan rairayi ce zalla, sai na raina ta. Na biya mai jaki ya kawo mini mangala shida ta baƙar ƙasa daga bakin kududdufi, don a zatona duk baƙar ƙasa taki ce. Ashe laka ce. In na zuba ruwa ya kwanta, in rana ta buɗe ta tsattsage kamar ƙafar mai faso. Kafin wata biyu saiwar lemun ta ruɓe, kuɗina da wahalar jan ruwa suka tafi a banza.

Saboda haka uwargida, kafin ki sa maigida ya kashe ko kwabo, gwada ƙasar tukuna. Ɗebi cikin tafin hannu, ki yayyafa mata ruwa, ki dunƙule. In ta ƙi haɗuwa, rairayi ce, ruwa zai riƙa zurarewa. In ta mulmulu har kika ja ta kamar igiya ba ta karye ba, laka ce, ta mai ginin tukwane ce ba ta shuka ba. Wadda kike nema ita ce wadda za ta dunƙule, amma da kin danna ta da yatsa sai ta wargaje.

Yawancin gidajenmu na ƙasar Gaya a kan jigawa suke, kuma jigawa ba sauya ta ake yi ba, ciyar da ita ake yi. Haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ki gauraya kashi biyu na ƙasar da kika haƙo da kashi ɗaya na takin awaki wanda ya kwana biyu ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji kuwa ki kiyaye shi, ƙona shuka yake yi. In takin juji ne ki tankaɗe shi, domin jujin yanzu ba na kakanninmu ba ne, cike yake da leda da fasassun kwalabe da mataccen batir, ga shi kuma ganyen da zai fito 'ya'yanki ne za su ci.

Bayan dashe sai lulluɓi, kuma a nan ne yawancinmu muke sakaci. Mu mata mun saba da shara, ba ma son ganin ko tsinke a ƙasa, sai mu share gindin shuka ƙal, rana da iskar hunturu su shanye ruwan tun kafin azahar. Alhali kuwa abin lulluɓin yana nan a gida kyauta: ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin gero, busasshiyar ciyawa, ko ganyen darbejiya da kike tarawa kullum ki ƙone. Shimfiɗa shi kaurin yatsu uku, ki ɗan yayyafa ƙasa a kai don kada iska ta kwashe ko kaji su tone. Sa hannu a ƙarƙashi washegari, za ki ji da sauran danshi. Ga mai jan guga a watan Afrilu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai fa a lura da gara. Manoman jihar Tawa a Nijar, masu haƙa 'yan ramukan nan da suke kira tassa su zuba taki, murna suke yi da ita, don tana huda musu ƙasa ruwa ya shiga. To, can gona ce. A cikin gida mai katangar ƙasa da azara, kada lulluɓi ya taɓa jikin bango, kuma ki bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da jikin shukar. In za ki juya shi ki sa sanda, kunama tana son wurin sanyi.

Dutse kuma wurinsa daban. Tsakuwa ko burji a zuba su inda indararo yake zubar da ruwa, da bakin rariya, da gindin randa, da hanyar makewayi. Su ne za su hana ruwa cin gindin katanga, su hana taɓo da kwantaccen ruwan da sauro yake ƙyanƙyasa a ciki. Amma kada a tara su a gindin ƙaramar shuka don ado, da bazara zafi suke ɗauka su gasa ta.

Na san yanzu kowace amarya so take a malale mata tsakar gida da siminti daga zaure har madafa. Ni dai ban goyi baya ba. Siminti ba ya shan ruwa, turawa yake yi gidan maƙwabta, ga zafi da dare. In da hali a yi shi a wurin wanke-wanke, wurin zama kuma a yi daɓen tsakuwa da ruwan makuba kamar yadda iyayenmu suke taruwa su yi da maɗabi. A bar kusurwa ɗaya, wadda take samun hantsi, nesa da ruwan sabulu, don zogale da rama da yakuwa.

Lemun da na sake dasawa a cikin rairayin nan da na raina, bana ya fara 'ya'ya. Sai mun sake saduwa, a gaishe mini da yara.