Asibitinku da Ma'aikatansa: Ku San Su, Ku Taimake Su, Ku Girmama Su

Mutane da yawa suna zaton asibiti wuri ne da a ke kai wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, bayan an gwada jiƙe-jiƙe da turare an kasa. Gaskiya ne a kan kai marasa lafiya can, amma wannan rabin aikin asibiti ke nan. Ɗaya rabin a waje a ke yinsa, cikin ƙauyukanku da gidajenku, tun ciwo bai zo ba. Masu yin wannan aiki mutane ne kamarku, waɗansunsu ma 'ya'yanku ne da ƙannenku. Wannan takarda za ta gaya muku ko su wane ne, da abin da su ke kawo muku, da dalilin da ya sa a ke yaba wa waɗanda suka yi ƙwazo a cikinsu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gida, mata su ji, gama yawancin maganar tasu ce.

SU WANE NE MA'AIKATAN?

Likita shi ne babba wajen gane cuta da yin fiɗa. A babban asibiti a kan same shi, kuma shi ɗaya ne ga mutane dubbai, saboda haka ba ya iya zuwa kowane gari.

Nas ita ce mai jiyya. Ita ke kwana da majiyyaci, ta ba shi magani kan lokaci, ta wanke masa miki. Akwai maza cikin wannan aiki, akwai mata.

Ungozomar asibiti ta yi makaranta ta koyi sha'anin ciki da haihuwa. Ita ke yin awo, ita ke karɓar haihuwa, ita ke gane lokacin da ya kamata a gaggauta kai mace wurin likita.

Malamin asibiti na karkara shi ne wanda ku ke gani a ƙaramin asibitin mazaɓarku, wanda tsofaffi su ke kira dispensa. Yana duba ƙananan cututtuka, yana yin allurar rigakafi, yana kuma fita rangadi.

Duba-gari yana lura da tsabtar rijiyoyi, da masai, da mahauta, da juji.

Sa'an nan akwai masu bi gida-gida. Daga cikin mutanen gari a ke zaɓensu, a koya musu aiki, su riƙa tuna wa mata ranar awo da ranar rigakafi, su kai rahoton ciwon da suka gani.

Kada kuma a manta da mai awon jini, da mai ba da magani, da direban motar asibiti, da mai shara, da mai gadi. In mai shara ya yi sakaci, ɗakin haihuwa ya zama wurin ɗaukar cuta. In direba ya makara, gwanintar likita ba ta amfani mai naƙuda ba.

ABUBUWA HUƊU DA SU KE KAWO MUKU

Na ɗaya, awon ciki. Mace ta fara zuwa awo tun cikin bai wuce wata uku ba, ta kuma yi ta komawa duk ranar da aka sa mata. A wurin awo a ke duba hawan jini, a ba ta ƙwayar ƙarin jini, da maganin kare ta daga zazzaɓin cizon sauro, da allurar da ke kare ta da jaririnta daga ciwon sarƙewar haƙora. Mai gida, ka riƙe waɗannan alamu: zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, jijjiga, ko naƙudar da ta kai awa 12 ba a haihu ba. In ka ga ɗaya daga ciki, kada ka jira gari ya waye. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari, ita ke kashe ɗa a ciki. Tun kafin watan haihuwa ya kama, ka ajiye kuɗin mota, ka kuma bar izini a gida, domin kada a zauna jiranka kana kasuwa.

Na biyu, allurar rigakafi. A kan fara ranar haihuwa ko cikin kwanakin farko. Sai a koma da yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan wata 9, da wata 15. Waɗannan allurai da ɗigo suna kare shi daga tarin fuka, da shan-inna, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da ƙyanda, da shawara, da sanƙarau, da waɗansu cututtuka. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Wani yaro ya kan yi ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu bayan allura, wannan kuwa ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a fara a bari. Mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022, ya fi tsanani a jihar Kano, yawancin yaran da ya kama waɗanda ba a yi musu allura ba ne, ko ba a ƙarasa musu ba. Ku adana katin yaro kamar yadda ku ke adana takardar gona.

Na uku, maganin zazzaɓi na damina. Da ruwa ya zauna, masu bi gida-gida su kan zo wata-wata da maganin kare yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na kwana uku ne kowane wata. Na ranar farko a gabansu a ke sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa. Uwargida, kada ki ɓoye ragowar don wata rana, kada kuma ki raba wa babban yaro. In yaron yana da zazzaɓi a ranar, ki gaya musu, gama awon jini ya ke bukata tukuna. Maganin bai ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

Na huɗu, ruwan gishiri da sukari. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Ku karɓi ƙunshin garin a asibiti, ku narkar da shi cikin ruwa mai tsabta gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa, ku yi ta ba shi kaɗan-kaɗan. In babu ƙunshin, ku sami ruwa lita ɗaya wanda aka tafasa ya huce, ku zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Malamin asibiti zai ba ku ƙwayar zinki ta kwana 10. Kada a hana yaro nono ko abinci. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko da jini cikin kashinsa, sai asibiti nan take.

ABIN DA ƘANANAN MA'AIKATA SUKA YI A ƘASAR NAN

Ku tambayi dattawanku labarin kurkunu. Mutum ya kan sha ruwan tafki mai ɗauke da 'ya'yan tsutsar, bai sani ba. Sai bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi bororo, ta fashe, tsutsa mai tsawon kamu biyu ta fara fitowa, a yi ta naɗe ta a tsinke mako da makonni. A ƙasashen Arewa da damina ta fi fitowa, daidai lokacin noma, sai ka ga magidanci kwance gonarsa ta zama daji. Da aka ƙirga a 1988 zuwa 1989, an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, cikin ƙauyuka kusan 6,000.

To, kurkunu ba shi da allura, ba shi da maganin sha. Da me aka yaƙe shi? Da mutanen ƙauye. A kowane gari aka zaɓi mai sa kai. Shi ke raba ƙyallen tace ruwa, ya nuna wa mata yadda a ke ɗaura shi a bakin tulu. Shi ke wanke wa mai ciwo miki, ya ɗaure, ya roƙe shi kada ya shiga tafki, gama da ƙafar ta taɓa ruwa sai tsutsar ta zubar da 'ya'yanta. Shi ke rubuta sunan duk wanda ya kamu, ya aika kowane wata. Manyan mutane sun taimaka ƙwarai, kamar Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, da Janar Yakubu Gowon, wanda ya yi ta zaga ƙauyuka yana neman a gina rijiyoyi. Amma mai ɗaure ƙafa da mai tsaron tafki su ne suka ɗauki nauyin aikin yau da gobe. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, a jihar Enugu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida cewa cutar ta ƙare a ƙasar. Yanzu yara suna tashi ba su san ko mene ne kurkunu ba.

Labarin shan-inna ya fi wannan ɗaci. A 2003 jita-jita ta bazu cewa akwai mugun abu cikin ɗigon, har aka dakatar da shi a Kano da waɗansu jihohi. Kafin a koma a 2004, cutar ta sami hanya, ta gurgunta yara da yawa, ta kuma tsallaka zuwa waɗansu ƙasashe. Daga baya sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, suka shiga aikin, waɗansu suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. Mata masu ɗigo suka yi ta bin lunguna cikin rana, a wani gida a karɓe su, a wani a kore su da baƙar magana. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano. Duk da haka aikin bai tsaya ba. A 2016 aka ga ƙwayar shan-inna ta asali a karo na ƙarshe, a jihar Barno, ran 25 ga Agusta 2020 kuwa aka shaida cewa ta ƙare a Afirka duka. Amma ku lura, akwai wani nau'inta da ya kan ɓulla inda yara da yawa ba su sami ɗigo ba. Shi ya sa har yanzu masu ɗigo su ke zuwa ƙofarku.

DON ME A KE YABA WA MA'AIKACI?

Asibitoci da hukumomin lafiya su kan zaɓi ma'aikatan da suka yi ƙwazo, a kira su gaban jama'a, a ba su takardar yabo ko wata 'yar kyauta. Akwai ma ranaku da duniya ta keɓe: 5 ga Mayu ranar ungozomomi ce, 12 ga Mayu kuwa ta masu jiyya. Wani zai ce, ai aikinsu ne, ana biyansu, yabon na mene ne?

Ga amsa. Aikin rigakafi aiki ne da ba a ganinsa. In likita ya yi wa mutum fiɗa ya warke, gari duka zai ji. Amma yaron da bai kamu da ƙyanda ba, ba wanda zai zo ya yi wa mai allura godiya dominsa. Saboda haka ya wajaba a tsaya a faɗi aikin da baki, don kada mai yinsa ya ga kamar wahalar banza ya ke yi. Har wa yau, zaman ƙauye yana da wuya ga baƙon ma'aikaci. Ya bar danginsa, ga hanya ba kyau, ga masu jiran magani sun fi ƙarfinsa. In ya ga ba a san darajarsa ba, sai ya nemi a sauya masa wuri zuwa birni, a bar muku ɗaki a kulle. Na uku, yabo yana nuna wa sauran ma'aikata irin halin da a ke so: zuwa aiki da wuri, sakin fuska, riƙon amana, da rufa wa majiyyaci asiri. Hausawa sun ce, yaba kyauta tukwici.

RABONKU CIKIN WANNAN AIKI

1. In ma'aikaci ya kyauta muku, ku faɗa wa mai unguwa, ko dagaci, ko kwamitin raya mazaɓa da ke lura da asibitinku. Ku faɗi sunansa da abin da ya yi. Ta haka shugabanni za su san wanda ya cancanta, har da mai shara da mai gadi.

2. In baƙuwar ungozoma ta zo garinku, ku sama mata masauki mai kyau, ku tsare mutuncinta. Ba ta iya fita da dare karɓar haihuwa in tana tsoro.

3. Mai gida ya ba da izini a shiga gidansa. Ku yi wa masu bi gida-gida maraba, ku fito da yara duka, har da na baƙi.

4. Ku yi gayya ku share harabar asibiti, ku gyara rijiyarsa da danga. Naku ne.

5. In kun ji wata jita-jita game da magani, ku je ku tambayi malamin asibiti kafin ku yaɗa ta.

6. In ma'aikaci ya ɓata muku, ko ya nemi kuɗi kan abin da a ke bayarwa kyauta, ko ba ya zuwa aiki, kada ku yi faɗa da shi, kada kuma ku yi fushi ku daina zuwa, gama yaronku ne zai cutu. Ku kai ƙara wurin shugaban asibitin, ko kwamiti, ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Yabo ba shi da daraja in ba a tsawata wa mai sakaci.

7. Ku bar 'ya'yanku mata su yi karatu. Kuna son mace ta duba matanku, to, ungozomar gobe tana cikin 'yan matan da ke gidajenku yau.

KU TUNA

Babbar godiyar da ma'aikacin lafiya ya ke so ita ce ya ga an bi maganarsa. Ku kai mai ciki awo. Ku ƙarasa wa yaro allurarsa. Ku kwana cikin gidan sauro. Ku sha ruwa mai tsabta. Ku kai marar lafiya da wuri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.