Kifin da Ba a Cinyewa

Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke saro kaya daga Guangzhou ko Yiwu ya san akwai lokacin da ko waya goma ya buga ba mai ɗagawa. Masana'antu sun rufe, ma'aikata sun tattara komatsansu sun nufi gida. Bikin Bazara ke nan, sabuwar shekarar gargajiyar Sinawa, wadda ke kamawa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Su ma da wata suke lissafi, sai dai bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata na goma sha uku, shi ya sa bikin ba ya zagaya damina da rani kamar Sallah. Kwana 40 ake shafewa ana turereniya a tashoshin jirgin ƙasa, kuma babban abin da kowa ke hanƙoron kada ya wuce shi shi ne cin abincin daren jajiberi tare da iyaye.

A wannan dare ba daɗin baki kaɗai ake dubawa ba, har da sunan abincin. Sinanci cike yake da kalmomi masu kama da juna a kunne, kamar garin zama da garin tuwo a wajen Bahaushe. Kifi sunansa "yu", rara ma "yu". Don haka sai an kawo kifi sukutum, da kai da jela, kuma a gidaje da yawa ba a cinye shi. Ana barin saura ya kwana don sabuwar shekara ta shigo ta tarar da rara. Masuntan bakin teku kuwa ko juya shi a faranti ba sa yi, wai kada jirgi ya kife. In an gama da gefe ɗaya, sai a ɗage ƙayar a ci na ƙasa.

A arewacin ƙasar, inda alkama ta fi yawa, jiaozi ne sarki. Ana kwaɓa fulawa a murza ta falle-falle, kowane bai kai tafin hannu ba, a ɗora niƙaƙƙen nama da kabeji, a ninke a matse bakin da yatsa, ya fito kamar curin azurfar da ake ciniki da shi a zamanin da. Kaka na murzawa, jikoki na naɗewa, nasu duk a karkace, talabijin na ta nuna shagalin da gidan CCTV ke yi kowace shekara tun 1983. Wani gidan a ɓoye kwabo a cikin guda ɗaya, wanda haƙorinsa ya ci karo da shi an ce shekararsa ta yi kyau. Galibi naman alade ake sawa, amma Musulmin ƙasar, irin su 'yan ƙabilar Hui, da na rago ko na sa suke nasu.

Mutanen kudu, masu shinkafa, niangao suke yi, wani curi mai danƙo, saboda "gao" ɗin da ke sunan amonsa ɗaya da kalmar da ke nufin sama: kowace shekara a ɗara ta bara.

Abin dariyar ma tun mako guda kafin bikin yake farawa. A camfinsu akwai gunkin murhu da ke tafiya sama ya kai rahoton halin mutanen gida. Sai a ajiye masa alewa mai danƙo, wasu ma su shafa masa a leɓe, ko dai ya faɗi mai daɗi ko bakin ya manne. Toshiyar baki ce ƙiri-ƙiri, ba a ko ɓoyewa. Daga nan a share gida tas, domin ranar bikin ba mai taɓa tsintsiya, kada a share arziki waje. Yara kuma su jira jajayen ambulan na barka da shekara, waɗanda ake kauce wa sa kuɗi mai lamba huɗu a ciki, tunda huɗu da mutuwa kusan amonsu ɗaya.

Ranar sha biyar ga wata ake rufewa da bikin fitilu, a sha tangyuan, 'yan dunƙulen garin shinkafa masu baƙin riɗi a ciki, a ruwan zafi. Daga nan ne wayoyin Yiwu ke fara shiga.