Ouray: Sayar da ƙasa ya yi, ko ceton rai?

Ka san sunan jihar Utah ta Amurka daga ƙabilar Ute aka samo shi? Su ne ke zaune a duwatsun Colorado da Utah tun kafin zuwan Turawa. Shugabansu da ya fi suna shi ne Ouray, wanda aka haifa wajen 1833 kusa da Taos, a New Mexico ta yau.

Ouray yana jin yaren Ute da na Apache da Sifaniyanci. Ganin za a iya magana da shi, sai gwamnatin Amurka ta ɗauke shi tamkar sarkin Ute gaba ɗaya, alhali su rukuni-rukuni suke, kowa da jagoransa. Ka ga tun nan an haɗa shi faɗa da 'yan uwansa.

Ya je Washington ya ga ƙarfin Turawa da idonsa, ya tabbata yaƙi da su halaka ne, sai ya zaɓi sulhu. Yarjejeniyar 1868 ta bar wa Ute yammacin Colorado, kusan sulusin yankin. Da masu haƙar zinariya da azurfa suka cika duwatsun San Juan, a 1873 aka sake yanke kusan eka miliyan 4, shi kuma aka sa masa albashin dala 1,000 duk shekara. Da yau ne, kai ma ka san abin da za ka rubuta a Facebook: an saye shi! Wasu 'yan ƙabilarsa ma haka suka gani, har aka nemi kashe shi.

Amma dakata. A 1879 jami'in gwamnati Nathan Meeker ya matsa wa Ute na White River su koma noma, har ya sa aka nome makiyayar dawakansu. Faɗa ya ɓarke, aka kashe shi da ma'aikatansa goma, aka tafi da mata da yara. Ba rukunin Ouray ba ne, amma shi ya aika a tsagaita. Da aka sako matan, matarsa Chipeta ce ta karɓe su a gidanta.

Sakayyar fa? Ouray ya rasu da ciwon ƙoda ranar 24 ga Agusta, 1880. Shekara na zagayowa sojoji suka kora mutanensa zuwa busasshiyar ƙasa a Utah, har da Chipeta, wadda ta rasu can a 1924. Yau akwai garin 'yan yawon buɗe ido a duwatsun San Juan ɗin nan da aka ƙwace, sunansa Ouray.